Madarar Kamfani

Panshekara, Kano
6 ga Maris, 1983

Zuwa ga Yaya Maimuna, 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai rubuto ba, kuma ya san faɗa na jiran sa. Yaya zafin Sakkwato, yaya maigidan da yara, yaya littattafan nan da kika fi so a kanmu? Inna tana gaishe ki, mai ɗakina Jummai ma ta ce in miƙa mata gaisuwa.

Bayan haka, Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. 'Yarki Ladidi ce. Kin san ta da surutu, ba ta cika shekara uku ba amma tana mayar wa Inna magana. Tun ƙarshen sanyi ta canza. Ciki take riƙewa tana kuka, bayan gida sai ya yi kwanaki bai fito ba, abinci ta ƙi shi, idonta ya yi fari fat. Mun kai ta asibiti sau biyu. Da fari aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, daga baya aka ce tsutsar ciki. Duk mun ba ta maganin, ba abin da ya sake. Inna ta ce iska ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu, ni kuwa ban hana ba don ban san abin da zan yi ba.

Abin da kawai take karɓa shi ne madarar gwangwani da ake ba mu a wurin aiki. Kin san yanzu ina kamfanin batir a Sharaɗa. Ni ba na sha, ita nake kawo wa.

Wallahi tsoro nake ji, ba na kuma son Jummai ta gani a fuskata. Ke da kike wuni a ɗakin karatu, babu wani littafi da ya faɗi irin wannan ciwon? Ko sunansa kaɗai na sani, sai in san abin da nake roƙon Allah a kai.

Ƙaninki,
Gali

Sakkwato
17 ga Maris, 1983

Gali,

Wa alaikas salam. Faɗan yana nan, na ajiye maka shi sai Ladidi ta warke. Mu lafiya lau muke. Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce wa Jummai ina tare da ita a addu'a. Tun da na karanta takardarka abinci bai yi min daɗi ba.

Ɗakin karatun kwalejinmu na masu koyon aikin malanta ne, littattafan lafiya ba su taka kara sun karya ba. Kai ne kake kusa da inda suke. Ranar da ba ka da aiki, ka shiga gari ka je babban ɗakin karatu na jama'a. Turancin da ka yi har aji uku na sakandare ya ishe ka, kada ka tsaya yi min ƙorafi.

In ka shiga, kada ka nufi kantocin littattafai, wuni za ka yi kana zagaye a banza. Kusa da ƙofa akwai kabad na katako mai ƙananan durowoyi da yawa, cike da katuna a jere bisa haruffa. Kashi uku ne. Ɗaya na sunayen marubuta, ɗaya na sunayen littattafai, ɗaya kuma na batutuwa, wato abin da littafin yake magana a kai. Kai ba ka san marubuci ba, ba ka san sunan littafi ba, damuwarka kaɗai ka sani. Don irinka aka yi kashi na ukun. Ka nemi batun cututtukan yara, na rubuta maka kalmar da Turanci a bayan takardar nan. Duk littafin da ya taɓa batun za ka ga katinsa a wurin, ko da wane suna aka ba shi. A saman kowane kati akwai lamba. Ka kwafe ta, ita za ta kai ka kantar da littafin yake.

Wani katin za ka ga babu littafi a kansa, sai dai ya ce maka duba kuma batu kaza. Kada ka tsallake shi. Wani ma'aikaci irina ne ya zauna ya lura cewa mai neman wannan yakan bukaci wancan, shi ya sa ya bar maka alama.

Kuma ka ji ni da kyau: littafi ba likita ba ne. Abin da zai yi maka shi ne ka san tambayar da za ka yi in ka koma asibiti. Kada ka fizge katin daga durowa, na san hannunka.

Yayarka,
Maimuna

Panshekara
3 ga Afrilu, 1983

Yaya Maimuna,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Mu kam sai godiya.

Na je. Na yi wanka na sa kaftanin sallah kamar mai zuwa neman aure, duk da haka da na shiga sai na ji takalmina ya fi na kowa ƙara. Na sami kabad ɗin yadda kika kwatanta. Na ja durowar, na sami batun, ban fizge komai ba. Amma Yaya, ba ki faɗa min yawansu ba. Katunan cututtukan yara sun fi tsawon tafin hannuna. Na kwafi lambobi uku, wani malami mai tabarau ya nuna min kantar, na zauna da littafin da ya fi kauri.

Da na sani ban buɗe ba. Duk ciwon da na karanta sai in ga Ladidi a ciki. Sanƙarau, ita ce. Farfaɗiya, ita ce. Akwai wani ƙari da ke fitowa a ƙwaƙwalwa, har da hotonsa, na rufe littafin. Na shiga da tsoro ɗaya, na fito da goma. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Ranar Talata da hantsi ta yi jijjiga. Ina wurin aiki, Jummai ce ta gani. Ta ce idon ya juye, haƙora suka datse, ta ɗauka shi ke nan. An yi mata allura a asibiti ta farfaɗo, an ce mu dawo in ta sake. Tun ranar magana ta ragu. Yarinyar da ke kiran sunan kowa a layinmu, yanzu nuni take yi da yatsa.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Da ta ji ƙarar kekena za ta taho bakin ƙofa, ta rungume ni, ta cusa hannu a aljihun rigar aikina ta zaro gwangwaninta. Wasanmu ke nan tun tana koyon tafiya. Sai ki ga hannun ya yi toka-toka da ƙurar wurin aiki, ta sa a baki tana jira a huda mata. Rigar ma ba ta yarda a raba ta da ita, da ita take barcin rana in ina hutu. Kamfanin kuwa mutanen kirki ne ta wannan fannin. Ba kowa ake ba madarar ba, sai mu na sashen da ake narka dalma ana shafa ta a farantan batir. Sauran ma'aikata har ƙyashi suke yi mana.

Ni ma cikina yana murɗa min kwanan nan, bakina da ɗanɗanon ƙarfe, amma na san damuwa ce. Ki rubuto, ko faɗan ne.

Gali

Sakkwato
12 ga Afrilu

Gali, a tsaye nake rubuta wannan, Uba direba ya riga ya tayar da mota, ya ce zai bi ta unguwarku. Don Allah, don Annabi, ka daina kai wa Ladidi madarar nan daga yau. Na ga wani abu, ban gama karantawa ba. Cikakken bayani yana tafe ta gidan waya.

Maimuna

Sakkwato
13 ga Afrilu, 1983
Ta akwatin gidan waya na kamfani

Gali,

Sallama. Ina fata Uba ya kai maka 'yar takardar jiya. Ka yafe min gajartarta, ga bayanin.

Kuskuren nawa ne. Na tura ka batun cututtukan yara, batu mai faɗi, ka nutse a ciki. Da na sake karanta takardarka sai na tsaya a kan madarar. Me zai sa kamfani ya ba sashe ɗaya madara ya hana sauran? Na je kabad ɗinmu, na bar yara, na nemi aikinka. A ƙarƙashin batir katuna biyu ne kacal, na kimiyyar aji, sai na uku wanda babu littafi a kansa. Ya ce duba kuma dalma. Na je dalma, can ma wani katin ya ce duba kuma gubar dalma. Gali, nan take na kwafi lambar na nufi kantar.

Littafi ɗaya muke da shi, ƙarami, amma ya faɗa. Ƙurar dalma guba ce. A masana'antu an daɗe ana ba masu aikinta madara da zaton tana rage illar, ba don kyauta ba. Babba yakan ji murɗar ciki da ɗanɗanon ƙarfe. Yaro kuwa kaɗan ta ishe shi: ciwon ciki, rashin bayan gida, ƙarancin jini, jijjiga, ɗaukewar magana. Kuma ya ce iyaye ne ke kai ta gida a jikin tufafinsu.

Madarar da ke cikin gwangwanin ba ta da laifi. Aljihun ne, da rigar, da gashin kanka, da hannunka. Kada ta sake taɓa kayan aikinka. Kada Jummai ta kakkaɓe su a ɗaki. Ka yi wanka kafin ka ɗauke ta.

Ni ba likita ba ce, ina iya yin kuskure, ina ma roƙon Allah ya zama kuskuren ne. Ka koma ɗakin karatun, kalmomin suna bayan takarda, nasu littattafan sun fi namu. Sannan ka kai ta asibiti, ka fara da faɗa musu irin aikin da kake yi tun kafin su tambaye ka.

Maimuna

Panshekara
19 ga Afrilu, 1983

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Uba direba ya kawo saƙonki, har ya tsaya ya ci tuwo. Bayanin da kika ce yana tafe ban gan shi ba tukuna.

Na bi umarninki, na daina kawo madarar, ko da yake ban gane ba. In lalatacciya ce, ai mu goma sha biyu ne a sashen, sauran suna sha a gabana ba abin da ya same su. Inna ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da abincin gwangwani ba, yanzu ta sami abin faɗa. Foman ya ga na mayar da tawa, ya tambaye ni ko na zama attajiri ne.

Ranar farko Ladidi ta sa hannu a aljihu ba ta sami komai ba. Irin kallon da ta yi min, Yaya, ban iya jure shi ba. Shi ya sa na yi dabara. Kullum da safe nakan sayi alewar madara a bakin ƙofar kamfani, in kwance ta daga takarda don kada ta haɗiye takardar, in jefa a aljihun. Da yamma ta zaro abinta tana tsotsa. Kin ga wasanmu bai mutu ba, umarninki ma bai faɗi ƙasa ba.

Sai dai jikin ba daɗi. Amai take yi yanzu, tafiyar ma tangaɗi. Na roƙi hutu daga gobe, Inna ta matsa mu kai ta ƙauye wurin wani mai magani da aka ba ta labari. Ba zan leƙa kamfani ba sai mun dawo. Ki sa mu a addu'a, ni tawa ta fara ƙare min a baki.

Gali

Sakkwato
27 ga Afrilu
Ta hannun Uba direba, a ba shi hannu da hannu

Gali,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau takardarka ta iso. Na karanta maganar alewar a ofis, na yi ihu har shugabar kwaleji ta fito. Ni na jawo, da na ƙara layi ɗaya a waccan takardar da ba haka ba.

Ba madarar ba ce. Ƙurar dalma ce da ke cikin aljihunka da jikin rigarka, guba ce, ita Ladidi take ci. Ka raba ta da rigar yanzu. Ku bar ƙauye, ku kai ta babban asibiti, ka ce musu a narkar da dalma kake aiki, ka roƙa a gwada jininta. Cikakkiyar takardata tana kwance a akwatin kamfaninku.

Na ce wa Uba in bai same ka a gida ba ya tambayi maƙwabta, ya bi ka duk inda kake. Na nemi izinin tahowa, an ce sai an gama jarrabawa. Ban san ko kuna ƙauye ba, ban san ko tana da rai ba. Ka aiko min ko da kalma ɗaya ce.

Maimuna

Panshekara
29 ga Mayu, 1983

Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum. Tana da rai. Na sa wannan a farko don na san ba za ki iya karanta gaisuwa ba sai kin gan shi. Uba ya ce ya faɗa miki da baki, amma na san kin fi yarda da rubutu. Ki gaishe da maigidan da yara, ki yafe min shirun.

Ba mu daɗe a ƙauye ba jijjigar ta dawo, wannan karon ta ƙi tsayawa. A bayan akori-kura muka kawo ta Kano, Jummai tana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafun. A asibiti Uba ya same ni, maƙwabcinmu Inuwa ne ya rako shi. Na karanta takardarki a tsaye a baranda. Yaya, a lokacin rigar tana cikin ɗakin, a ƙarƙashin kanta. Jummai ta taho da ita don ita kaɗai ke sa ta yin shiru. Ban san lokacin da na shiga na fizge ta ba, har ma'aikaciyar jinya ta ɗauka na zautu.

Likitan da ke duba ta ya shiga tiyata, aka ce sai la'asar. Na kasa zama. Na hau keke na je kamfani na karɓi doguwar takardarki, daga can na wuce ɗakin karatu da kayan da na kwana biyu da su a jiki, ban ko tuna da ƙarar takalmi ba. Na ja durowar batir. Katin yana nan, duba kuma dalma. Na bi shi, na bi na gaba. Durowar ba ta fi taku biyu daga wadda na ja a zuwan farko ba. Littattafai huɗu ne a ƙarƙashin batun, ba tulin da ya ruɗa ni ba. Malamin mai tabarau ya ce wanda na ɗauko ba a fita da shi, amma da ya ga fuskata sai ya zauna ya taya ni kwafe shafin da hannu.

Da na faɗa wa likita aikina, ya ajiye biro. Ya ce me ya sa ban faɗa ba tun farko. Na ce yarinya ce ba ta da lafiya, ban san aikina ya shiga ciki ba. Ya karanta abin da na kwafo, ya duba dasashina, ya sa aka ɗebi jininmu mu uku aka aika gwaji. Ke ce da gaskiya. An yi mata allurai masu zafi na kwanaki, na fitar da gubar, tana kuka ba murya. Ni ma an ba ni magani, an kuma rubuta wa kamfani takarda a sauya min sashe. Har yanzu ba su amsa ba, ni kuwa ba ni da wani aikin. Na faɗa wa 'yan sashenmu masu ƙananan yara. Wasu sun ji, wasu sun ce ina so in jawo a daina ba da madara.

Jijjigar ta tsaya, tana cin abinci, tana tafiya. Da na tambayi likita maganar bakinta, sai ya ce ba zai yi min alkawari ba. Wannan ne ke hana ni sukuni. Nakan zauna in kalle ta in ce da hannuna na kwance alewar nan daga takarda. Jummai ba ta taɓa faɗa min haka ba, Allah ya saka mata.

Yanzu a famfon kamfani nake wanka, in bar kayan aikin a can cikin buhu. Shekaranjiya famfon ya ƙafe, dole na taho gida yadda nake. Ta ji keken, ta fito da gudunta na tangaɗi, hannu a miƙe. Na daka mata tsawa na ce, "Tsaya nan!" Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka haife ta. Ta tsaya cak, ta juya ta ɓuya a bayan zanin uwarta. Na zagaya bayan gida na yi wanka da sabulun wanki har fatata ta yi zafi, ina yi ina kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Na sa rigar gida mai tsabta na zauna a kan tabarma, ban kira ta ba. Ta daɗe tana leƙo ni. Can ta taho a hankali, ta tsaya a gabana, ta cusa hannu a aljihun. Ta lalube shi har ƙasa. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Baba, babu."

Maganarta ta farko ke nan tun watan Afrilu. Ba ta ƙara wata ba har yanzu, kuma ban san nawa za su dawo ba. Jummai ta saki murfin tukunya ya faɗi, Inna ta hau salati. Ni dai na riƙe hannun a cikin aljihun na ce mata e, babu, Ladidi, babu komai a ciki.

In an gama jarrabawar ki taho. Faɗan da kika ajiye min, ki zo da shi, ina so ta ji muryarki.

Ƙaninki,
Gali